Ragowar Kwaɓi

Yayana magini ne. Shekara arba'in yana ɗora bulo a kan bulo a gidajen mutane, kuma har yau ɗin nan da nake magana a ɗakin haya yake kwana. Idan na faɗi haka sai a ce min ai yawancin magina haka suke. Wannan magana ba ta sanyaya min rai, tunzura ni take ƙara yi, domin na san yadda abin ya faru, kuma da bakina a ciki.

Ɗakin nasu, shi da matarsa, yana ƙasan wani bene mai hawa uku, can ƙuryar lungu, bango ɗaya ya raba shi da banɗakin da duk 'yan hayan ƙasa suke shiga. Bangon nan bai taɓa bushewa ba. Ko da rani ka dafa shi, tafin hannunka zai dawo da laima. Funfuna ta ci shi tun daga ƙasa har tsayin kafaɗa, a kankare yau, kafin sati ta dawo. Taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabta take kallo, don haka rana ba ta san hanyar ɗakin ba. Tufafin da ke cikin akwati ma warin danshi suke yi.

Matarsa Amarya muke ce mata. Ita kaɗai ce, babu wata kafinta babu wata bayanta, amma tun ranar da aka kawo ta ya kira ta Amarya, sunan ya bi ta har furfura. Doguwar mace ce mai sanyin magana, guga take yi wa mutanen benen. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka riƙe juna su biyu. Tari ya fara mata a hankali, irin wanda ake cewa zai tafi idan sanyi ya wuce. Sanyi ya wuce, shi bai tafi ba. Da muka kai ta asibiti likita ya saurari ƙirjinta, ya tambayi irin ɗakin da take kwana, na kwatanta masa. Ya ce magani dai zai rubuta, amma maganin gaskiya shi ne a fitar da ita daga ɗakin nan zuwa inda iska da rana suke shiga.

Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka sauka daga mota Yaya ya ce min, "Auta, zan gina mata ɗaki."

Na ce, "Da me, Yaya? Da yawun bakinka?"

Ya ce, "Za ki gani."

Fili dai akwai. Babanmu ya bar mana wani ɗan fegi a bayan gari, daidai inda motar haya take juyawa ta komo, kuma tuni na bar wa Yaya rabona. Siminti ne babu, don abin da yake samu a yini ciki da magani suke cinyewa. To ga dabarar da ya yi. A duk wurin gini, idan aka tashi aiki da yamma, ana barin ragowar kwaɓi, wato siminti da yashi da aka riga aka cakuɗa da ruwa. Ba ya kwana, zubarwa ake yi a bayan gini. Yaya ya nemi izinin mai aikin, aka ce ya kwashe, ai ya rage musu shara. Ya samo bokitin ƙarfe, ya sa maƙeri ya haɗa masa akwatin buga bulo mai ɗaukar guda ɗaya. Kullum idan an tashi sai ya kankare ragowar nan da cokalin gininsa tas, ya cika bokiti, ya hau mota har ƙarshen layi. Kafin ya isa kwaɓin ya fara sandarewa. Sai ya yayyafa masa ruwa, ya ƙara yashi hannu biyu ko uku don ya cika akwatin, ya sake juyawa, ya ɗura, ya danna, ya zare. Bulo ɗaya ke nan. Ya shayar da na jiya da na shekaranjiya, ya wanke bokiti, ya kamo hanyar gida.

Abin da ya yi ke nan shekara goma sha ɗaya.

Ranar da babu aiki ma sai ya je, don ban ruwa. Cewa yake yi ƙarfin bulo a ruwa yake, kowanne sai ya sha kwana goma sha huɗu kafin ya ɗaga shi daga inda ya buga shi. Idan sun taru, sai bokitin ya koma na ɗorawa, yau uku, gobe huɗu, yana ja da igiya yana aunawa kamar gidan wani babba yake ginawa. Zazzaɓi bai hana shi ba, ruwan sama bai hana shi ba. Ranar da aka binne mahaifiyarmu, mutane suna zaune ana karɓar gaisuwa, na neme shi na rasa. Ashe zamewa ya yi ya je ya shayar da bulonsa ya dawo. Na yi wata guda ban yi masa magana ba.

Kwandastocin layin duk sun san shi, Mai Bokiti suke ce masa, har kujerar bakin ƙofa suke ajiye masa don kada ya ɓata wa mutane tufafi. Wata rana wata mata ta ga yadda ya rufe bokitin da tsumma ya rungume, ta ɗauka abinci ne, ta ce a ɗan sam mata ko kaɗan ne. Ya buɗe mata. Labarin nan ya ba mu shi ya fi sau talatin, kuma kullum Amarya sai ta yi dariya har tarin ya sarƙe ta.

Kada a ɗauka Yaya ƙaramin magini ne. Masu sayar da bulo tsoronsa suke ji. Idan mota ta kawo bulo wurin aiki ba ya tambayar komai, sai ya zari ɗaya daga tsakiya, ya ɗaga daidai ƙirjinsa, ya sake shi a kan busasshiyar ƙasa. Idan ya tsaya, ko ya rabu biyu kawai, a sauke sauran. Idan ya watse, a juya da motar. Ya sha zagi a kan wannan, har an taɓa kai masa naushi, bai fasa ba. Shi ya sa ko sau ɗaya bai zo min a rai ba in tambayi ingancin abin da yake bugawa da hannunsa.

Ni ma na shiga aikin da ƙarfina. Shara nake yi a wata makaranta, duk ranar hutu sai in bi shi in jido masa ruwa daga famfon bakin titi in cika randar da ya kafa a filin. Ina ganin layi yana hawa kan layi, ina ta cika baki a unguwa. Duk wanda ya yi min kukan ba shi da hali sai in ce ya je ya ga yayana, da bokiti ɗaya ya tayar da gida. Na yi wa mutane da yawa gori da shi, har da mijina.

A shekara ta biyar wata ƙofa ta buɗe. Yayan mijina yana da ɗaki a sama wanda ba kowa a ciki, taga biyu, rana tana shiga tun safe. Ya ji labarin ciwon Amarya, ya ce su je su zauna har lokacin da Allah ya nufa. Matsalar ita ce gidan yana ɗaya ƙarshen garin. Daga can mota uku ce zuwa filin, ba yadda za a yi mutum ya tashi aiki, ya je ya buga bulo, ya koma gida a yini ɗaya.

Ni na kai musu saƙon. Amarya tana zaune tana ninke kayan guga, hannunta ya tsaya cak. Na ga idonta, tana so. Mijinta ta kalla.

Yaya ya ce, "Gini ya kai taga. Idan na tsaya yanzu, na tsaya ke nan, na san kaina."

Ta ce a hankali, "Ko shekara ɗaya ce, in ɗan samu numfashi?"

Ya sunkuyar da kai. Wallahi da na yi shiru a lokacin, da ya yarda, don bai iya ce mata a'a ba. Amma ni mai baki sai na tsoma. Na ce, "Haba Amarya, me ya rage? Gara ki daure ki shiga naki, da ki zauna a gidan surukaina ana ƙirga miki tari. Kin san halin matar gidan nan, ko ruwa kika zubar sai ta ba da labari."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "To, tunda ku biyu kun haɗu, shi ke nan." Ta ci gaba da ninke kayanta.

Wannan maganar tawa ita ce ba na iya haɗiyewa har yau. Ba don Amarya na faɗe ta ba. Ba na son matar yayan mijina ta ce dangina sun zo cin arziki, kuma ba na son labarin bokitin da nake gori da shi ya tsaya a rabi. Gaskiyar ke nan, ko ba daɗi.

Shekara shida suka ƙara a ɗakin. Amarya ta ajiye guga, don tururin ma ya fi ƙarfinta. Ta rame har zobenta ya riƙa zamewa. Daga ɗaki zuwa famfo sai ta tsaya ta dafa bango ta huta. Sau biyu kawai ta taɓa zuwa filin, hayaƙin mota ba ya barinta. Amma kullum Yaya ya shigo da bokitinsa wankakke sai ta ce, "Yau nawa?" Ya ce, "Ɗaya." Ta ce, "Allah ya yi albarka." Sai ya zauna ya kwatanta mata inda aka kai, ya ce tagar ɗakinta gabas take kallo, kuma ya yi ta da faɗi yadda za ta zauna a kai ta sha hantsi.

A shekara ta goma sha ɗaya bango ya kai inda zai kai. Ɗaki biyu, da ɗan kicin, da banɗaki can nesa da ɗakin kwana. Wani ɗan kwangila da Yaya ya daɗe yana yi wa aiki ya rushe tsohon sito, ya ba shi kwanon rufin da katakon. A watan ne na raka Amarya asibiti, likita ya jawo ni gefe ya ce, "Daminar bana kada ta same ta a ɗakin nan. Kin dai ji ni." Na ce masa ai an gama, rufi kawai ya rage, har da yi masa bayanin tagar.

Amarya ta fara haɗa kaya tun saura sati uku. Ta sa aka samo mata kwalaye daga shagon bakin titi, kullum ta cika ɗaya ta ɗaure da igiya. Tukunya ɗaya da kwano biyu kawai ta bari a waje.

Ranar rufi da sassafe muka isa, ni da Yaya da Kafinta. Tsohon abokin aikinsa ne, sun yi gidaje tare ba adadi, kuma ba sa kiran juna da suna. Ya zagaya ginin yana kaɗa kai ya ce, "Magini, ashe ka iya miƙe bango idan naka ne. Namu kuwa sai ka bar mana shi kamar bayan raƙumi."

Yaya ya ce, "Kai dai hau ka yi aikinka, kada ka karkata min rufi."

Kafinta ya jingina tsani ya hau. Yana kaiwa sama ya dafa gefen bango zai zauna, sai gefen ya ɓalle a hannunsa, yashi ya zubo mana a ka. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya murza, ya zube. Ya ciro ƙusa daga aljihu, ya ɗora a kan bulo, bai ma ɗauko guduma ba, da babban yatsa ya danna, ta shige har rabi. Ya matsa gaba ya sake, haka. Ya sauko ya gwada a tsakiyar bango, ya durƙusa ya gwada layin ƙasa. Ko'ina ƙusar shiga take yi.

Ya miƙe ya ce, "Magini, da me ka buga waɗannan?"

Yaya ya ce, "Ka sani ai."

"Na san kana kwasar ragowa. Na ɗauka kana haɗawa da sabo."

"Suna shan ruwa kwana goma sha huɗu, kowanne."

Kafinta ya ce, "Kwaɓin da ya riga ya mutu ruwa zai tayar da shi? Kai ne kake koya wa mutane wannan. Kai ne kake korar lebura idan ya ƙara ruwa a kwaɓin da ya kama."

Akwai wasu bulo guda biyar da suka rage a gefe. Kafinta ya nuna su da haɓa ya ce, "Ɗauki ɗaya."

Yaya ya tsaya kamar bai ji ba. Can ya je ya ɗauka, ya ɗaga daidai ƙirjinsa yadda ya saba. Ya daɗe riƙe da shi. Da ya sake, ko ƙara bai yi ba. Ya watse a gaban ƙafarsa ya zama tulin yashi da 'yan ɓaraguzai.

Ni a lokacin ban gama fahimta ba. Na ce, "To a yi masa filasta mai kauri mana, a rufe."

Kafinta ya ce, "'Yar'uwa, filasta riga ce. Idan na ɗora katako da kwano a kan wannan, iskar farko za ta ɗaga rufin ta tafi da layin sama. Idan ruwa ya jiƙa shi da nauyi a kansa, a kan wanda ke ciki zai zauna. Abin da ya sa yake tsaye yau, bai ɗauki komai ba ne sai kansa. Ni ba zan sa hannuna ba, kuma duk wanda ya sa ya ɗauki rai."

Na ce, "Wane ɓangare za a gyara?"

Ya ce, "Duka, har tushe."

Nan wuta ta kama ni. Na juya kan Yaya, na manta ya girme ni da shekara goma sha biyar. Na ce shi da ya mayar da motocin mutane, shi da ake tsoro a gari, a shekara goma sha ɗaya bai taɓa yar da nasa ko ɗaya ba? Ko ɗaya? Na faɗi maganganun da ba zan maimaita ba, har Kafinta ya ce in ji tsoron Allah.

Yaya yana tsugune yana tattara yashin da tafin hannu. Bai ɗago ba ya ce, "Na mutane bulo ne, Auta. Nawa kowanne yini ne guda. Sau da yawa na ɗaga zan sake, sai in ga yinin jiya ne zan fasa, in ajiye in ce sai sun yi yawa. Da suka yi yawa kuma sai na ji tsoro."

Na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Ban sani ba. Ban dai yarda na sani ba."

Muka hau mota. A hanya na sauka na canza mota na nufi gidan yayan mijina, na ajiye girman kaina a ƙofa na roƙe shi. Ya ce ai na sani, ɗansa ya yi aure a ɗakin tun shekara uku da suka wuce, har da jariri. Na bi wurare biyu da aka ce akwai ɗaki a sama, duk an kama, kowa yana neman inda zai fake kafin ruwa.

La'asar ta yi na isa lungun. Na tarar da Yaya a tsaye a bakin famfo, tun ɗazu ya iso amma ya kasa shiga. Na wuce shi na shiga. Amarya tana zaune a bakin gado a tsakanin kwalayenta, ta yi wanka ta sa zanenta mai kyau. Ta dubi fuskata, ta dubi yashin da ke kan ɗankwalina.

Ta ce, "An ɗora?"

Na zauna a kan kwali na gaya mata komai, ban rage ba, har da ƙusar, har da bulon da ya watse. Ina faɗa ina kuka, ita kuwa tana sauraro tana jan numfashi da ƙyar.

Ta ce, "Idan da sabon siminti ne, zai ɗauki nawa?"

Na ce, "Ban sani ba. Shekaru."

Ta gyaɗa kai. Sai ta ce, "Yana ina?"

"Yana waje."

"Ce ya shigo, tsayuwar me yake yi kamar baƙo."

Ya shigo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya buɗe baki zai yi magana. Ta ɗaga masa hannu ta ce, "Bari. Ku dai taimaka ku ja min gadon nan daga jikin bango, bayana yana jin sanyinsa."

Muka ɗaga ta muka zaunar a kan kwali. Ni na kama kai, shi ya kama ƙafa, muka ja. Tsawon tafin hannu ɗaya ya matsa, sai ya tokare ƙofa. Muka gwada juya shi, ɗakin bai ba da wuri ba. Yaya ya ce a cire ƙofar, ta ce a'a, a bar shi haka.

Ta kwanta, ta miƙa hannu baya ta laluba ratar da ke tsakaninta da bangon, ta ce, "Ya isa."

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara. Ba ta ga ƙarshen daminar ba.